Ranar da Wani Ya Amsa Waya da Sunana: Tunawa da Yaya Luba

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Yaya Luba makwancinta a Birnin Kebbi. Lubabatu ne sunanta na yanka, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ni sunana Ummaru, fataucin albasa nake yi a Argungu, ba marubuci ba ne. Amma duk shekara idan damina ta kankama sai na ji ina son in ba wani labarinta. Bana na ce bari in ba masu karanta jarida, musamman 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da kowa ya mayar da shagonsa cikin waya.

Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi, Yaya tana cikin ma'aikatan da aka dawo da su gida daga Sakkwato. Mai buga tafireta ce a wata ma'aikata. Ta yi 'yan shekaru tana wannan aikin, har ta lura tafireta ta kama hanyar mutuwa. Sai ta ajiye aiki, ta sayi kwamfuta ta gwanjo, ta kama ɗan shago a wajen Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, tana buga wa mutane takardu. Dangi sun yi ta surutu. Wai mace da 'ya'ya ta bar albashi ta rungumi akwatin da ko sunansa ba mu iya faɗa ba. Ita dai ta ci gaba da aikinta.

Wanda ya gan ta a shagon nan zai ɗauka ba ta tsoron komai. Ni da na san ta, na san ba haka ba ne. Tsoron kwamfutar nan take yi kamar yadda masunci ke tsoron gulbi: yana ci daga gare shi, amma bai taɓa raina shi ba. Da hadari ya haɗo za ta kashe komai ta zare wayoyi daga bango, ko da layin mutane ya kai bakin titi. Ba ta yarda ta jona kwamfuta kai tsaye da wutar gari ba, sai ta bi ta sitabilaiza da wani batiri mai riƙe wuta na ɗan lokaci. Idan an tashi aiki ta lulluɓe komai da tsohon zane. Kowace Juma'a kuma ta kwafe ayyukan mutane a faifan sidi ta kai gidan Innarmu ta ajiye, don a cewarta gobara ba ta cin gida biyu da ke nesa da juna a rana ɗaya. Masu shaguna da suka fara sayen kwamfuta a bayanta wurinta suke zuwa neman shawara. Abu na farko da take gaya musu shi ne kada su ƙarar da ƙarfinsu kan allo mai kyau su bar abin kare wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da wayar salula ta iso mana, aka kuma buɗe kafe na intanet a cikin gari, sai Yaya ta zo Argungu takanas ta same ni a rumfa.

"Ummaru, albasag ga taka har Ikko ana neman ta," ta ce. "Amma sai ta bi hannun dillali biyat kahin ta isa. Bari in yi maka shahi a intanet. Wanda duk yab bincika albasar Kabi, shi ga sunanka."

Ban gane ba, amma na yarda, don ban saba yi mata gardama ba. Ta kawo mai hoto ya ɗauke ni tsaye a gaban buhuna, da babbar riga da hula. Ta rubuta sunana, da layin da rumfata take, da lambar wayata. Ta bayyana mini cewa shafi kamar rumfa yake: sai an kama masa wuri, ana kuma sabunta hayar wurin duk shekara. Ita ba ta da hanyar kama wannan wurin daga nan, don haka wani mutum a wani gari mai nisa, wanda aka haɗa ta da shi, ya kama mana. Da sunansa ya kama, ba da nawa ba. A lokacin ba wanda ya ga aibun haka a cikinmu, domin ba mu da wanda za mu tambaya.

Shafin ya yi aiki. Baƙi suka fara kira daga kudu, wasu ma suka zo da motocinsu. Na yi alfahari da abin har ina kai abokaina kafe in nuna musu hotona. Daga baya na saba, na daina dubawa. Mutumin da ya kama mana wurin ya daina ɗaukar waya, aka ce ya bar ƙasar. Shekara ta zagayo ba mu sani ba, haya ta ƙare, wasu suka kama adireshin. Ba su taɓa hotona ba, ba su taɓa sunana ba, ba su taɓa sunan layin rumfata ba. Lambar waya kawai suka canza.

Wata ranar kasuwa da hantsi, cikin damina, ina kwance bakin buhu sai na ga mota ta tsaya. 'Yan sanda biyu suka fito tare da wani dattijo Bayarabe mai furfura, idanunsa sun yi ja kamar garwashi. Yana riƙe da hotona da aka buga a takarda. Ya dubi hoton, ya dube ni, sai ya cafki wuyan rigata da hannu biyu.

"Ina ƙanina?" ya ce. "Ina ka kai Taju?"

Sunansa Alhaji Rasaki, daga Badun. Hausarsa ta 'yan Sabo ce, unguwar Hausawan Badun, amma ana fahimtarsa sarai. Ya ce sun ga shafina, sun kira, sun yi ciniki da ni. Wai na ce musu su turo mutum ya ga kaya. Ƙaninsa Taju ya kamo hanya, wai na ce ya sauka a wani gari kafin Kebbi zan aiko a ɗauke shi. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kafin in buɗe baki kasuwa ta taru. Ba zan manta da fuskokin nan ba. Mutanen da muke sallah sahu ɗaya, waɗanda suka zo sunan 'ya'yana, suna kallona kamar yau suka fara ganina. A wancan lokacin duk wanda aka ce yana harka da intanet, rabin gari na zarginsa da damfara. Na ji wani daga baya yana cewa ruwa ba ya tsami banza. Wani ya ɗauki dutsen awo. Da 'yan sandan nan ba su tura ni cikin mota da sauri ba, ban san abin da zai faru ba, kuma har yau ba na son in yi tunaninsa.

A ofishinsu na rantse da duk abin da na sani. Babban jami'in mutum ne mai haƙuri, bai bari an taɓa ni ba. Sai dai ya ajiye hoton a gabana ya tambaye ni ko ni ne. Na ce ni ne. Sunanka ne? Nawa ne. Rumfarka ce? Tawa ce. Kowace gaskiya da na faɗa sai ta ƙara ɗaure ni. Na ce lambar ba tawa ba ce, ya ce mutum na iya riƙe layi biyu. A bayan kanta na kwana, ina jin Alhaji Rasaki a waje yana kuka yana kiran sunan ƙaninsa. Na san idan aka tsinci gawar yaron nan, tawa ta ƙare.

Labari ya kai wa Yaya da safe. Abin da ta yi, matar maƙwabcinta ce ta ba ni labari daga baya. Ta fara zuwa kafe ta buɗe shafin, ta ga baƙuwar lamba a ƙarƙashin hotona, sai jiri ya ɗebe ta har aka riƙe ta. Da ta dawo hayyacinta ta koma shago, ta kwance kwamfutarta gaba ɗaya, ta naɗe a bargo, ta ɗauki shatar mota. Wannan kwamfutar ita ce abincin 'ya'yanta. Matar da ba ta yarda a matsar da ita daga wannan kusurwa zuwa waccan ba, ita ce ta rungume ta a cinya cikin ruwan sama. Bayan Ambursa ruwa ya cinye wani ɓangare na hanya, motar ta dinga faɗawa ramuka, ita kuwa tana ta salati tana ƙanƙame da bargon.

Da azahar aka fito da ni. Na same ta tsaye a ofishin jami'in, gyalenta ya jiƙe sharkaf. Ba ta dube ni ba. Daga baya ta ce da ta dube ni kuka za ta yi, kuma ba kuka ya kawo ta ba. Ta roƙi a ba ta izini ta nuna shafin kamar yadda ta tsara shi tun farko. Babu wuta, aka tayar da janareto. Ta jona sitabilaiza, ta jona kwamfuta, ta danna.

Allo bai kawo komai ba. Sai wata ƙara siririya da akwatin ke yi, yana tsayawa yana sakewa.

Alhaji Rasaki ya yi tsaki ya juya baya. Yaya ta kashe, ta zare waya daga bango, ta nemi a ara mata sukuddireba. Tana kwancewa wata ƙusa ta faɗi ƙasa ta gangara ƙarƙashin tebur, wani ɗan sanda ya duƙa ya ɗauko mata. Ta buɗe cikin akwatin, ta zaro wani ɗan siririn allo kore da girgizar hanya ta sassauta, ta goge bakinsa da gefen zanenta inda bai jiƙe ba, ta mayar ta danna shi har ya zauna. Ta yi bisimilla ta sake kunnawa. Allo ya yi haske. Ga ni nan tsaye gaban buhuna, ga lambata ta gaskiya a ƙasa.

Jami'in ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Hajiya, na gani. Amma wannan abin da ke cikin injinki ne. Ba zai gaya mini wanda ya canza na waje ba."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Duk wahalar hanyar nan ba ta wanke ni ba. Yaya ta tsaya tana kallon baƙuwar lambar da ke jikin takardar Alhaji Rasaki. Ta tambaye shi ko yana kiranta. Ya ce tun ɓatan Taju ba a ɗauka idan shi ne.

"Sun san lambarka," ta ce. "Ba su san tawa ba."

Ta nemi a kawo wayata daga inda aka ajiye kayana, aka ɗora ta a kan tebur a gaban kowa. Ta fito da tata, ta buga lambar, ta buɗe murya yadda duk za mu ji. Ta yi ƙara, ta sake yi. Ina addu'a a ɗauka, ina kuma tsoron a ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji wata murya. Muryar namiji ce, mai taushi, cikin natsuwa.

"Wa alaikumus salam. Don Allah da wa nake magana? Albasa nake nema, mota guda."

"Kin zo gida, Hajiya. Alhaji Ummaru ne mai albasa, Argungu."

Ina zaune a kan benci, ba takalmi, ba hula, na ji wani mutum yana faɗin sunana kamar tun haihuwa nasa ne. Ya ci gaba da magana, yana yabon albasar, yana faɗin layin rumfata, har ya ce bana rumbunansa sun cika. Ya tambaye ta ko ita za ta zo da kanta ko yaro za ta turo. Ya ce kada ta wahalar da kanta zuwa cikin Argungu, hanya ta lalace, ta sauka a gari kaza zai aiko a ɗauke ta. Garin da aka ce wa Taju ya sauka ke nan.

Yaya ta amsa masa da murya daidai, ta yi godiya, ta ce za ta sake kira. Tana kashe wayar ta zauna daɓas a ƙasa kusa da kwamfutarta. Alhaji Rasaki ya dafe kansa da hannu biyu. Ya matso ya tsaya a gabana, ya sunkuyar da kai.

A ranar aka ba da belina. Taju kuwa an same shi daga baya a wani asibitin ƙauye, inda wasu manoma suka kai shi bayan sun tsince shi a bakin gona. An yi masa duka, an karya masa hannu, an raba shi da duk abin da ya zo da shi, amma yana da rai. Da aka kawo shi ya gan ni, ya ce bai taɓa ganina ba sai a hoto. Mutanen da suka yi wannan aiki ban ji an kama su ba. Layin ya mutu, shafin ya ɓace bayan wani lokaci. Mai muryar nan ban san fuskarsa ba har yau. Shi ya san tawa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Bayan wannan Yaya ta canza. Na zaci za ta bar harkar, ni kam na so ta bari. Ba ta bari ba, sai dai ta ƙara tsanani. Duk ɗan kasuwar da ya zo a yi masa shafi sai ta zaunar da shi ta ba shi labarina tukuna, ba ta rage komai ba. Ta ce adireshin shafi da sunan mai kaya ake kama shi, ba da sunan wanda ya yi aikin ba, ko da ɗan'uwanka ne. Mabuɗin shiga kuma, wato kalmar sirri, ya zauna a kanka. Ka san watan da hayar ke ƙarewa kamar yadda ka san watan azumi. Kuma lokaci-lokaci ka shiga ka binciki sunanka da na shagonka kamar kai baƙo ne, ka ga abin da duniya ke gani, ka duba lambar da ke wurin da idonka. Wasu sun ji labarin sun fasa. Ta ce gara haka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba ta daɗe sosai ba bayan haka. Hawan jini ya kama ta, ya yi ta cinta a hankali, har ya kai ta ƙasa. Likita bai ce ga dalili ba, ni ma ba zan ce ba. Allah ne ya san abin da wannan tafiyar ta cikin ruwa ta ɗauka daga jikinta.

Yau ina kallon abin da duniya ta zama, ina tambayar kaina me za ta ce. Abin da ta ɗauko a cinya da bargo, yanzu wanda ya fi shi ƙarfi yana aljihun mai tallan goro. 'Yata Balkisu tana sayar da gyale da turare daga cikin ɗakinta, masu saye har daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Na san Yaya za ta yi murna da wannan, don abin da take hange ke nan tun ana yi mata dariya. Amma na san za ta firgita. A zamaninmu sai da ɓarawo ya jira haya ta ƙare kafin ya sa rigata. Yanzu kafin ka gama alwala an kwafe hotunan shagonka an buɗe wani da sunanka. Kwanan baya Balkisu ta gaya mini akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum har mahaifiyarsa ta kasa bambancewa. Na ce ta maimaita. Ta maimaita tana dariya, don ita abin mamaki ne a wurinta. Ni kuwa tuwon da ke hannuna na mayar cikin kwano. Abin da ya cece ni a wancan ofishin shi ne muryar da ta fito daga wayar ba tawa ba ce, kuma ina zaune kowa na gani. Da a ce muryata ce ta fito, me Yaya za ta nuna musu?

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma na yarda ni ne wannan mutumin. Har gobe idan baƙuwar mota ta tsaya gaban rumfata sai gabana ya faɗi. Amma ba na hana Balkisu sana'arta. Ina dai zama kusa da ita wani lokaci in ce ta rubuta sunan shagonta ta bincika mu gani. Tana yi don ta faranta mini. Sau ɗaya mun tarar da wani shafi da hotunan gyalenta da lambar da ba tata ba. Ranar ba ta yi dariya ba.

Shagon Gwadangaji yanzu mai gyaran babur ne a ciki. Kwamfutar ta mutu tuntuni, faya-fayen da ke gidan Inna kuma babu injin da ke karanta su a wajenmu. Idan ka bincika sunan Yaya a intanet ba za ka sami komai ba, ko hoto ɗaya. Matar da ta fara ɗora 'yan kasuwar garin nan a kan hanya, hanyar ba ta san da ita ba. Wannan ya daɗe yana yi mini ciwo. Sai dai akwai abin da ke sanyaya mini rai.

Muna zaman makoki, ana gab da addu'ar bakwai, sai ga wata mota ta tsaya a ƙofar gida da ƙurar doguwar tafiya a jikinta. Alhaji Rasaki ne ya fito, ya ƙara tsufa, Taju na riƙe da shi da hannunsa mai lafiya. Ba mu aika musu ba, wani direban albasa ne ya kai musu labari. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma cikin mutanen da suka taɓa kewaye ni a kasuwa. Aka yi addu'a aka shafa. Sannan ya juyo gare ni.

"Ranar nan na zo ne in ga bayanka," ya ce. "Na riga na yi rantsuwa a hanya. Da matar nan ba ta buga wayar nan ba, da na ɗauki alhakin da ba zan iya sauke shi ba har gaban Allah. Kai ta fitar daga hannun hukuma. Ni daga wuta ta fitar da ni."

Ya sha ruwa, ya yi sallar la'asar tare da mu, suka juya.

Allah ya jiƙan Yaya Luba, ya haskaka kabarinta, ya ba ta amincin da ba ta samu ba a nan. Mu da muka rage, Allah ya tsare mana sunayenmu a bakin waɗanda ba mu gani.